Amfilifayar Garba Tela

Shekara talatin da ɗoriya na yi a bakin teburin gyara, ranaku da yawa sun shige ban riƙe komai nasu ba. Amma ranar da muka gwada amfilifayar Garba Tela a kasuwar Gummi, wannan kam ko na so in manta, 'yan kasuwa ba za su bar ni ba. Tunda kun ce in ba ku labarin da bakina, ku da kuka shigo sana'ar nan a zamanin waya da sola, to ku gyara zama.

A lokacin ni ne babban mai gyara a shagon Alhaji Ummaru. Shi ke da shago, shi ke ciniki. Ni ke da tebur da mita da ƙarfen dalma. Ban da gyara, muna dillancin tsofaffin kaya. Mutum ya kawo rediyo ko lasifikar masallaci ya ce a sayar masa, in duba in gyara, Alhaji ya nemo mai saye ya ɗauki la'adarsa. Alhaji yana da doka guda da yake alfahari da ita: kaya ba ya fita shagonsa sai an kunna shi a gaban mai shi da mai saye, kowa ya ji da kunnensa. Ko tocila ce sai an haska.

Wata safiya bayan Babbar Sallah, a-kori-kura ta tsaya a ƙofar shago. Ƙarti huɗu suka sauke akwati biyu baƙaƙe suna nishi. Babban ya kai ƙirjina, da lasifika huɗu a cikinsa. Ƙaramin kuwa dogo ne a kwance, da maɓallai a jere, nauyinsa ya fi buhun gero. Daga gaban motar wata dattijuwa ta sauko a hankali, ta yi sallama, ta ce sunanta Kulu, daga Anka.

"Na maigidana ne, Garba Tela, Allah shi jiƙan shi," in ji ta. "Bara ya rasu. Za a rushe ɗakin a yi na siminti, ba mu da wurin aje wanga abu. An ce da ƙuruciya kiɗan jita ya yi a otal-otal na birni, kafin shi tuba shi kama ɗinki. Ni dai tun da anka kawo ni gidan, kwanoni nake jerawa bisa."

Gaskiya ta faɗa, don saman babban akwatin duk zoben gindin kwano ne.

Alhaji ya zagaya abin sau biyu, ya ce, "Injiniya, tasha nawa take kamawa?"

Na ce, "Alhaji, ba rediyo ba ce. Amfilifayar jita ce, irin ta da, mai bawul."

Ga waɗanda ba su taɓa gani ba, bawul ƙwai ne na gilashi kamar ƙwan fitila. Shi ke ƙara ƙarfin sauti kafin a ƙirƙiro ƙananan abubuwan da kuke liƙawa yanzu. Sai ya yi zafi yake aiki, in ya yi zafin kuma cikinsa ya yi ja kamar garwashi. A samansa akwai wani shafe mai ƙyalli kamar madubi, wanda masu ƙira ke sawa don kada iska ta zauna a ciki.

Kwana biyar na yi a kanta. Da na buɗe bayan babban akwatin na fitar da gidan zanzaro uku, da ɓawon gyaɗa cikin kwano, aikin ɓera, da wani almakashi da na tabbata Garba Tela ya mutu yana nemansa. Irin wannan tsohon kaya ba a cusa shi a wuta kai tsaye. Ana saka ƙwan fitila a kan layin, in akwai matsala ƙwan ya haska maimakon taransifoma ta ƙone. Ba a kuma kunna ta sai an haɗa lasifika. Kwandansa ɗinta kuwa suna riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko an zare waya, don haka hannu ɗaya a aljihu nake aiki. Na sauya kwandansa, na sauya bawul ɗaya da ya mutu da wanda na ciro daga wata tsohuwar rediyo. Rana ta biyar na tayar da janareta, na kunna, na jira. Bawul suka yi ja ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa bakin wayar da ake cusa wa jita da yatsa, lasifika huɗu suka amsa da gurnani. Na ji daɗin da na daɗe ban ji ba a wurin aiki.

Alhaji ya ɗauki hoton bawul ɗin suna ja, ya watsa a waya don neman mai saye. Nan aka samu matsala.

Zaiba dai kun san ta, ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli da masu wankin zinare ke kama zinare da shi. To a shekarun nan akwai maganar da ke yawo cewa wai akwai wata jar zaiba da Turawa suka ɓoye a tsofaffin kekunan ɗinki da rediyoyi, wai ɗigo ɗaya ya isa mutum ya huta da aiki har jikokinsa. Ban taɓa ganin wanda ya gan ta ba, sai wanda ya san wanda ya gani. Hoton Alhaji bai kwana biyu ba sai ga wani mutum ya iso kan sabon babur. Sunansa Isiya, dillalin zinare ne, yana saye a hannun masu haƙa a wajen Bagega. Ba ɗan nan ba ne, harkar ce ta kawo shi.

Ko lasifikar bai kalla ba. Ya ce in kunna. Da bawul suka yi ja sai ya cire hula ya mayar. Ya fito da wayarsa ya kai kusa da gilashin, ya juyo mini da fuskarta.

"Ka gani? Ba sabis. Ita ce. Ita ke cinye sabis."

Na ce, "Malam Isiya, tun asuba babu sabis a kasuwar nan duka. Fita waje ka duba."

"To ai ka ji ƙarfinta kenan," in ji shi.

Sai ya zaro tafarnuwa daga aljihu, wai jar zaiba tana gudun warinta. Yana kai ta kusa da bawul, janaretanmu ya yi tari irin wanda ya saba yi, jan ya dusashe ya dawo. Isiya ya ja da baya yana salati. Nan take ya taya abin da kuɗin da Alhaji da kansa sai da ya nemi kujera. Na tambaye shi me zai yi da ita. Ya ce zai fasa ƙwayayen ya tsiyaye abin da ke ciki, akwatunan kuma in ina so in yi kejin kaji.

Raina ya ɓaci, amma ni ma'aikaci ne, ba ni ke sallamawa ba. Sai na tuna wa Alhaji dokarsa. Na ce ba a gwada ba tukuna, mai kaya ba ta nan, kuma gurnanin yatsa ba gwaji ba ne. Amfilifayar jita sai da jita.

Isiya ya ce, "Ni ba kiɗa na zo saye ba."

Alhaji ya dubi Isiya, ya dube ni, sannan ya ce, "Ko a turmi za ka daka ta, sai an gwada. Injiniya, nemo jita."

Na ɗauka na sami sarari in nemo mai saye na kirki. Ban san jitar ce za ta gagara ba. Na tambaya a Gummi, aka kawo mini gurmi. Na aika Anka, aka ce akwai wani mai garaya amma ya yi tafiya. Jita-jita ta cika gari, jita kuwa babu. A rana ta huɗu wani Bafulatani da ya kawo gyaran rediyo ya ce malamin dabbobin da ke yi wa shanunsu allura a Bukkuyum yana da wani molo na Turawa. Shi ne Malam Yohanna, mutumin ƙasar Zuru, dattijo mai sanyin magana, shi ke kaɗa jita a ɗan cocinsu ranar Lahadi. Na same shi a waya da sabis ya dawo. Da na faɗa masa irin amfilifayar, ya ce tun yana saurayi rabonsa da ganin irinta. Ya ce zai zo ranar kasuwa, ba sai an biya shi ba.

Mun sa gwaji da hantsi, bai iso ba sai bayan azahar. Ya naɗe jitar a buhu ya rataya a baya, ya hau babur. Ku da kanku kun san yadda dogon abu a buhu yake kama a hanyoyinmu. Duk shingen 'yan sa-kai sai an sauke shi an kwance. Ya ce musu abin kiɗa ne, su ce to kaɗa. Ita kuwa jitar lantarki in ba a haɗa ta ba, ƙararta ba ta fi ta sauro ba. A wani shingen wani ya ce masa, "Wagga ba ta kuka, faɗi gaskiya mi take harbawa." Sai da wani makiyayi da ya san shi ya tsaya masa.

Kafin ya iso, ƙofar shago ta cika. Mun fito da akwatunan rumfa. Inna Kulu ta zo tun safe, na shimfiɗa mata tabarma gefe. Isiya yana tsaye da 'yar guduma naɗe a hankici da wata 'yar kwalbar turare da ya wanke. Na haɗa komai, na mayar da kowane maɓalli ƙasa, na kunna don bawul su yi zafi, na zaga baya in ƙara wa janareta mai. Abin da ban sani ba, ina juya baya Alhaji ya bi maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya ya murɗe su har ƙarshe, wai don mai saye ya ji ƙarfin kaya. Na dawo ban sake dubawa ba. Wannan laifina ne, ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Malam Yohanna ya tsaya dab da lasifika, ya cusa wayar jitar, ya ce bismillah irin tasu, ya sauke hannu a kan tsirkiya shida gaba ɗaya.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar an yage kwanon rufin garin duka a lokaci ɗaya. Ƙura ta shekara arba'in ta fito daga gaban akwatin ta rufe shi. Da ya firgita ya juya, jitar ta fuskanci lasifika, sai abin ya kama wani kuka mai tsini da ba ya yankewa, yana haɗawa da fashe-fashe, tas, tas, tas.

A ƙasarmu, a shekarun nan, ba wanda ke jin irin wannan ya tsaya tambaya. Kasuwa ta watse. Masu tumatir suka bi ta kan tumatir. Wani raƙumi da aka ɗora wa gero ya tsinke igiya ya nufi tasha, mai shi na bin sa. Mai shayin da ke kusa da mu ya shige ƙarƙashin teburinsa da butar a hannu. Yanzu muna dariya, amma na ga mace ta ɗauki 'ya'ya biyu tana gudu tana kiran na ukun, kuma wannan ban taɓa yi masa dariya ba. Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni, asarar ta tsaya a kan ƙwai da manja da tumatir.

Na yi tsalle na fizge wayar janareta. Aka yi tsit. Na duba, ba Alhaji. Can na ga kwalin firiji yana motsi a cikin shago. Isiya yana kwance rubda ciki, ya rungume kwalbarsa. Malam Yohanna yana tsaye fari fat da ƙura. Mutum ɗaya ce ba ta motsa ba. Inna Kulu tana zaune a tabarmarta, ta kaɗe zane, ta ce, "To. Ashe tana da rai."

Ba a jima ba sai ga Sarkin Kasuwa da 'yan sa-kai da bindigoginsu. Alhaji ya fito daga kwali yana gyara babbar riga, ya ce yana duba kaya ne a ciki. Na yi bayani, Sarkin Kasuwa ya ce bai yarda akwatin katako ya yi wannan aika-aika ba, sai an sake a gabansa. Na mayar da maɓallai ƙasa, na tsaya a gabansu da jikina, na sake ba da wuta, na buɗe ƙarar kaɗan. Na ce wa Malam Yohanna ya matsa gefe ya taɓa a hankali.

Ya fara da tsirkiya ɗaya. Sautin ya fito da kauri da ɗumi, yana ɗan rawa a ƙarshe kamar muryar mutum. Na gyara amfilifaya ba adadi, ban taɓa jin irinsa ba. Ya ci gaba da wani kiɗa mai sanyi, idonsa a rufe. Waɗanda suka gudu suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, wasu da takalmi ƙafa guda. Wani ɗan sa-kai ya jingine bindigarsa ya tsuguna.

Na lura Inna Kulu ba akwatin take kallo ba. Hannun hagun Malam Yohanna take kallo, yadda yatsunsa ke hawa da sauka a wuyan jitar. Ta taso ta matso har gabansa.

"Malam, sake yin wanga."

Ya sake.

"Haka yatsun Garba suke yi," in ji ta. "Bisa teburin ɗinki, bisa gwiwarshi, har in yana jiran tuwo. Shekara arba'in ina zaton tasbihi yake ja. Har gori nake yi ma mata, ina cewa mijina ba ya rabuwa da zikiri."

Ta fashe da dariya, ta yi ta yi har ta kama gefen akwatin, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska. Malam Yohanna bai daina kaɗawa ba, ya dai rage.

Isiya ne ya katse. Ya ce an gwada, doka ta cika, a sallama masa. Ya maimaita tayinsa a gaban jama'a, kuɗin da za su gina mata ɗakin simintin har rufi. Inna Kulu ta share ido, ta tambaye shi shi ma yana kaɗawa ne. Ya nuna mata guduma.

Na ce, "Malam Isiya, kafin ka yi asara, ga wanda na cire." Na miƙa masa mataccen bawul ɗin. Ya shimfiɗa hankici, ya ajiye kwalba kusa, jama'a suka yi da'ira. Ya ƙwanƙwasa. Gilashi ya fashe. Ba abin da ya zubo sai 'yan wayoyi, shafen nan mai ƙyalli kuma da iska ta taɓa shi ya koma fari kamar alli, yadda yake yi kullum. Na ɗauka magana ta ƙare. Isiya ya daɗe yana kallo, ya shafa aljihunsa, ya dafe kai.

"Tafarnuwar! Na manta da ita a jikina. Ta tsere." Ya juya wajen Alhaji. "Zan je in yi wanka in dawo. Kada a sayar wa kowa."

"An riga an sayar," in ji Inna Kulu. "Na sallama ma Malam."

Malam Yohanna ya buɗe ido. "Inna, ni fa ban taya ba."

"To taya."

"Ba ni da kuɗinta. Ko wuta babu a gidana. Babur na zo da shi, ina zan ɗora ta?"

"Ba malamin bisashe anka ce kake ba? Kana da awaki?"

Ya ce yana da 'yan kaɗan.

Alhaji ya matso yana murza hannu. "Inna, ki yi tunani. Ɗaki fa, har da rufi."

"Alhaji, ɗaki 'ya'yan Garba ka gina shi, aikinsu ne. Wanga kuwa nawa ne."

Haka aka yi cinikin amfilifaya mafi kyau da ta taɓa shiga hannuna: awaki biyu masu ciki na Inna Kulu, da ɗan bunsuru ɗaya la'adar Alhaji. Sarkin Kasuwa ne shaida. Shi ya kuma yanke cewa Alhaji zai biya masu ƙwai da manja, tunda mai shayi ya ga wanda ya murɗe maɓallai. Bunsurun ya yi wata biyu ɗaure a ƙofar shago yana cin wayoyina kafin Alhaji ya gaji ya yanka.

Ni na raka akwatunan Bukkuyum a motar masu hatsi, na haɗa su a cocinsu inda akwai janareta, na ɗiga jan fenti a kan maɓallin ƙara, na ce wa Malam Yohanna ko wa ya roƙe shi kada ya wuce nan. Isiya kuwa bai yi fushi da ni ba. Ya daɗe yana zuwa da kawunan kekunan ɗinki in duba masa, kullum yana ƙamshin sabulu.

Abin da na ɗauka daga ranar nan, na farko ƙarami ne: duk wanda ya tsaya kusa da kayanka, ko ubangidanka ne, sake duba maɓalli da idonka kafin ka ba da wuta. Na kuma gane mutumin da ya riga ya yanke abin da ke cikin kwalba, ko ka fasa masa ita bai gani ba, don haka kada ka ɓata yini a kansa. Amma wanda ya fi zauna mini shi ne na Inna Kulu. Kwana biyar na yi da kaina a cikin akwatin nan, na auna kowace waya, ina ganin ba abin da ban sani ba a kansa, ban kuwa tambaye ta komai game da mai shi ba. Tun daga lokacin, in dattijo ko dattijuwa suka kawo kayan mamaci, ba na cewa su je su dawo. Ina shimfiɗa tabarma, in kunna a gabansu, in bar shi ya yi ta yi har sai su da kansu sun ce ya isa.